Wuƙar da Yaya Habu Yake Ɓoyewa

Shekara goma ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, kuma har yau in na sauka daga jirgin ruwa a tashar Treichville na ji yara suna ihu a bayana, sai na waiwaya. Ba da ni suke ba. Ba ma da shi suke ba, domin yawancinsu ba a haife su ba sa'ad da yake raye. Amma kunnen da ya saba jin ana kiran ɗan'uwansa da sunan mugu a tsakiyar titi ba ya komawa daidai.

Ga wanda bai san shi ba, Habu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauci ne ɗan mahauci, yana da teburin nama a kasuwar Treichville. Ni kuwa na guje wa jini tun ina yaro, na kama sayar da kayan gyaran mota a Adjamé, kusa da Mairie, wato ofishin magajin gari. Ga mutanen Abidjan da suka kalli talabijin a ƙarshen shekarun casa'in, shi ne Tonton Kuto, wato Kawu Wuƙa, mugun zango na biyu na wani wasan aljanu da ake nunawa bayan Magariba. Sunan wasan na Faransanci bai taɓa zama a bakinmu ba. "Mutanen Lagun" kawai muke ce masa, saboda duk wata masifa da ke cikinsa daga ruwan nan da ya raba unguwanninmu take fitowa.

Abin da ya hana ni sukuni bana shi ne wasan ya dawo. Watannin da gari ya rikice, aka kulle shaguna kowa ya maƙale a gida, ban san wane mara aikin yi ne ya tono tsofaffin kaset ɗin ya juye su a faifai ba. Da ƙura ta lafa muka buɗe shaguna, sai ga fuskar Yaya a kan tebura tun daga bakin Mairie har tashar mota, an ƙara masa jan ido wanda ko a cikin wasan ba shi da shi. Shi kuwa 'ya ɗaya ya bari, Rabi, tana 'yar tatsitsiya ya rasu. Ba ta tuna muryarsa, ba ta tuna tafiyarsa. Hotonsa ɗaya ne a gidan, na fasfo, ya murtuke fuska kamar dole aka yi masa. Duk duniya wuri ɗaya ne za ta ga ubanta yana motsi yana magana, shi ne cikin faifan nan, inda yake mayar da mutane shanu yana yankawa. Mahaifiyarta Hajara ta rantse ba za a shigo mata da shi gida ba. Ni kuma na san yarinyar da ta tashi a Abidjan ba rantsuwar uwa ce za ta hana ta ganin abin da ke kan kowane tebur ba.

Bari in faɗi gaskiya a kan wasan, tunda ni mayen talabijin ne, duk gidan hayarmu an shaide ni. Zangon farko shirme ne mai daɗi. Muguwarsa wata matar ruwa ce mai gashin doki har gadon baya, tana fitowa daga lagun daf da tashar jirgi, kayanta a bushe ƙarau. Duk wanda ya taɓa leƙa ruwan nan ya san ko aljanin da aka koro daga gidansu ba zai yarda ya kwana a ciki ba. Dariyarta ta fi aikinta yawa. Kafin ta kama mutum ɗaya, ta yi jawabin da zai ishe shi ya gudu ya kai wata unguwa har ya sha shayi. Muna kallo muna cin gyaɗa, mata na gardamar inda ta sayi leshinta, kuma ba yaron da ya taɓa fasa zuwa aike saboda ita.

A zango na biyu suka sauya salo. Mutane suna shiga jirgin safe daga Treichville, ba a ganin saukarsu a ɗaya gaɓar, sai kuma a ga sababbin shanu a wani garke, suna bin masu wucewa da kallo kamar sun san su. Wata malamar makaranta ce take neman ƙanenta. An ɗauko wani ɗan wasa ya zama mahaucin da ke wannan ɗanyen aiki, amma ranar da aka tsayar da shi gaban bijimi, bijimin ya yi huci sau ɗaya, mutumin ya haye katanga bai sake dawowa ba. Yaya yana wurin, domin shi aka roƙa ya kawo bijimin ya riƙe musu igiya. Mai shirin, wani saurayi mai fara'a da ba na riƙe da shi da mugun nufi, ya dube shi ya ce, to kai fa? Yaya ya zo gida yana dariya.

"Sule, wai ni za su sa a akwati," in ji shi. "Ba wani abu ba ne. Yadda nake yi kullum zan yi."

Yadda yake yi kullum kuwa, daga mahaifinmu ya gada. Kafin tsohon ya kwantar da dabba sai ya ba ta ruwa ta sha. Ya shafa wuyanta har ta daina fizga. In zai wasa wuƙa, ya juya mata baya ya matsa gefe, sannan ya dawo da wuƙar a ɓoye a bayansa, ba za ta gan ta ba har ƙarshe. Ba ya yanka ɗaya wata na kallo. Yakan ce mana, namanta aka halatta muku, ba a halatta muku tsorata ta ba. Mahauta da yawa sun san wannan, amma ranar da aiki ya yi yawa sai hanzari ya cinye shi. Yaya bai taɓa bari ba, ko ranar Layya da ake jiransa a gida biyar.

Mai shirin ya so a ga mugu yana wasa wuƙa a gaban sa, ƙarfe na ƙara, ido cikin ido. Yaya ya ce shi ba zai iya ba, domin san na gaske ne, bai san wasa ake yi ba. A bar shi ya yi irin nasa, ko a nemi wani. Aka kunna kyamara. Ya kawo ruwa a kwano ya riƙe wa bijimin har ya ƙoshi. Ya shafa wuyansa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya juya baya, ba ka ganin komai sai kafaɗarsa tana motsi, kana jin karcen ƙarfe a kan dutse. Ya juyo hannu ɗaya a baya, fuskarsa a sake. A nan aka yanke hoton. Mai kallo kuwa ya riga ya san bijimin nan ƙanen malamar ne.

Ranar da aka nuna wannan kashi, tsakar gidanmu ta yi tsit. Wata maƙwabciyarmu da ke tuyar ayaba ta bar man ya ƙone. Ni da na tashi ina ganin wannan aikin tun ban san hagu da dama ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma har gobe zan faɗa, ko da Hajara za ta daina gaishe ni: ba a taɓa yin mugu irinsa a talabijin ɗin ƙasar nan ba. Sauran mugaye sanar da kai suke yi cewa su mugaye ne, da hayaƙi da layu da kuwwa. Wannan gaishe ka yake yi, ya tambayi iyali, ya ba ka wurin zama a jirgi. Ba ya gaggawa. Ƙarfin zangon gaba ɗaya a nan yake, da kuma shanun, waɗanda ba wanda ya koya musu wasa amma idonsu ya fi na rabin 'yan wasan magana.

Rauninsa ma ba kaɗan ba ne, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Tsakiyar zangon ta yi ja kamar ba za a ƙare ba. An bar mutane cikin fatar shanu an tafi soyayyar malamar da wani ɗan sanda wanda in ka ba shi akuya ajiya zai dawo maka da igiya. Malamar takan ga hujja a gabanta ta tsallake, don kawai kada labari ya ƙare da wuri. Ƙarshen kuwa abin kunya ne. Mutumin da aka gina a hankali, ba hayaniya, sai aka tara masa malami da fasto da boka suka nuna shi da yatsa, wata walƙiya mai kama da zanen alli ta sauko, ya ɓace bat. Aikin matar ruwa aka yi wa wanda ya fi ƙarfin haka.

Amma babban raunin ban gan shi ba sai daga baya. Ba su ba shi dalili ba. Ba su ba shi gida ba, ba mata, ba 'ya, ba a taɓa ganinsa yana alwala ba. Kowa a wasan yana da uwa da ƙauyen da zai koma, ban da shi. Shi kaɗai ne mai doguwar riga da hula, shi kaɗai ne Faransancinsa ke tafiya da ɗingishi, shi kaɗai ne baƙo. Mutumin da ba a nuna maka inda yake kwana ba, sai ka je ka nemo shi da kanka. Su kuwa masu kallo ba su sha wahalar nema ba, tunda teburinsa na nan a kasuwar Treichville, da rigar, da hular, da wuƙar.

Da farko abin wasa ne. Yara su biyo shi suna "Tonton Kuto! Tonton Kuto!" shi kuma ya ɗaga musu hannu. A jirgi a tashi a bar masa benci guda, ya ce da ni ka ga sarauta. Sannan ƙafa ta soma ɗaukewa daga teburin. Akwai wata mai abinci, Tanti Akisi, da ta shekara da shekaru ba ta sayen nama sai wurinsa. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, da kwandonta a hannu.

"Abu, yako," ta ce, kamar yadda ake yi wa mai makoki jaje a nan. "Ni na san fim ne. Amma masu cin abincina suna tambaya ta naman wa na dafa. Me zan ce musu?"

Ya ce ta je, ba komai, har ya nuna mata teburin wani abokinsa da ba ya ha'inci.

Abin da ya karya shi, wani bikin suna ne a cikin Treichville. An kira shi yanka rago, tsakar gida cike da maƙwabta na kowace ƙabila. Ina wurin. Ya nemi kwano aka ba shi, ya durƙusa yana shayar da ragon. Sai na ji surutu ya ragu. Ya shafa wuyansa. Da ya juya baya ya ɗora wuƙa a kan dutse, wata mata ta ƙwalla ƙara ta suri ɗanta, yara suka watse, wani saurayi ya ce da ƙarfi, kamar a tele, wallahi kamar a tele! Yaya ya gama aikinsa kamar yadda ya saba. Amma naman da aka rarraba wa maƙwabta, da yamma aka ga kwanoni suna dawowa a rufe kamar yadda aka kai su.

Sarkin fawarmu, dattijo mai son zaman lafiya, ya kira shi, ni ma na raka shi. Ya ce, "Habu, abin nan mai sauƙi ne. Ka ajiye kwanon ruwan nan na ɗan lokaci. Ka wasa wuƙarka a fili kamar kowa, a ga ba ka ɓoye komai. Mutane za su manta." Ni ma a raina na ce ai shi ke nan, an samu mafita.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "ragon ne ya kalli talabijin?"

Bai ajiye kwanon ba. Kiran yanka a gidaje ya yi ta raguwa har ya tsaya, teburin ma daga baya ya bar wa wani, ya koma taya dillalai sauke shanu daga manyan motoci, inda ba mai kallonsa sai dabbobi. Bai yi ƙorafi ba, ni ne na yi ta yi a madadinsa har ya gaji da ni. Ciwon da ya ɗauke shi ciwo ne irin na kowa, ba zan ɗora wa wasan ba. Amma na san mutumin da ya kwanta jinyar ba shi ne wanda ya shigo gida yana dariya wai za a sa shi a akwati ba, kuma wannan har yau yana ci mini rai.

Wasan ya ci gaba ba shi. A zango na uku suka kawo mugaye har uku, kowanne na neman ya fi ɗan'uwansa ihu, ba wanda ya tuna sunan ko ɗaya. Mugayen wasannin yanzu kuwa, da nake gani a shagon maƙwabcina, wuta ce ke fita daga tafin hannu, kai ya rabu da jiki ya yi shawagi a falo. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai kalla na ɗan lokaci, ya ce waɗannan ba su taɓa riƙe abu mai rai ba, ya tashi ya tafi masallaci. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ya ga abin da garin nan ya yi bana, sa'ad da aka riƙa tare mutane a hanya ana duban riga da suna. Nakan ce gara da bai gani ba. Wani lokaci kuma in ce ai shi ya riga mu gani, shi kaɗai, muna yi masa dariya.

Bayan ƙaramar Sallah, wata rana da azahar, na ɗago kai daga kan kantar shagona na ga Rabi tsaye a ƙofar shago da kayan makaranta. Ta ƙetaro ruwa ta hau mota har Adjamé ba da sanin uwarta ba. Ta ajiye faifan a gabana. Hausarta gutsi-gutsi ce, irin ta 'ya'yanmu na nan.

"Baffa, c'est lui? Shi ne? 'Yan ajinmu sun ce ni 'yar mai cin mutane ce."

Na yi niyyar in ce ta bari sai ta ƙara girma, sai na ga ba wannan ta zo ji ba. Na ce shi ne. Na ce wasa ne, kuma mahaifinta bai taɓa cutar da ko kaza ba sai da dalili. Na soma shirya mata dogon bayani, irin wanda na yi muku a sama, ƙarfi da rauni da duk abin da na tara shekara da shekaru. Ta katse ni, ta ce ita ba bayani take so ba, gani take so. Na ja ƙofar shagon rabi, na kunna mata a 'yar talabijin ɗina, na koma bakin ƙofa na zauna ina kallon titi, domin ni ba zan iya kallo ba. Ina jin muryarsa a bayana yana gaishe da mutane. Da aka zo wurin kwanon ruwa sai na ji ta mayar da shi baya, ta sake, ta kuma sakewa. Ta fito idonta a bushe, ta ce in raka ta tashar mota. Ba ta ce mini uffan a kan abin da ta gani ba, kuma na yi watanni ina juya wannan shirun a raina. Ban san ko na ba ta uba ba ne, ko na ƙwace ɗan wanda take da shi.

Ranar Layya na je gidan Hajara kamar yadda na saba, ni ke sayo musu rago. Mahaucin da aka kira wani matashi ne mai sauri, ana jiransa a wurare. Ya zauna a gaban ragon ya fito da wuƙa da dutse ya soma. Sai ga Rabi ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa, cikin kayan Sallarta. Ta shiga tsakaninsa da ragon, ta durƙusa ta riƙe kwanon, ɗaya hannun a wuyan dabbar. Ba ta dubi mahaucin ba ta ce masa ya juya can. Hajara tana bakin murhu, na ga ta ajiye muciya. Wani maƙwabci da ke jingine da bango ya fashe da dariya, ya ce ku zo ku ga, Tonton Kuto ya dawo!

Rabi ta bari sai da ragon ya ɗago kai daga kwanon, sannan ta juyo.

"Sunansa Habu," ta ce.

Mahaucin ya dube ni. Na ce masa ka ji abin da ta ce, juya.

Nakan zauna in auna abin da ya rage na Yaya. Teburin ya tafi, masu saye sun manta da shi, sunan da ya fi yawo a gari ba nasa ba ne. Abu ɗaya ya ƙi saki, kuma a kansa ya rasa sauran. Ni na san abin nan tun ina yaro, Hajara ma ta sani, amma a gidan ba mai iya ambaton wuƙa, don haka ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar. A wurin mugun talabijin ta gani, a cikin wasan da ya tashi ubanta daga kasuwa, a daidai wurin da ya sa dukan gari ya ji tsoronsa. Shi ya sa na kasa tsine wa zangon nan, na kuma kasa yafe masa. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar. Kwanon yana nan a gidan Hajara, Rabi ta ce kada a sake zuba miya a cikinsa.